Horon kariya daga sinadarai: har da masu shara?

Ka tambaya ko horon kariya daga haɗarin sinadarai ya wajaba a kan masu shara da masu kula da sito a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ko kuwa malamai da ɗalibai kaɗai ya shafa. Ya wajaba a kan duk wanda aikinsa ke shigar da shi ɗakin, kuma a ba shi kafin ya kama aiki. Aƙalla ya gane alamomin haɗari 9 masu jan gefe a jikin kwalabe, na tsarin GHS (tsarin bai-ɗaya na duniya na sa wa sinadarai alamar haɗari), ya kuma san cewa idan sinadari ya fantsama a ido, ana wankewa da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 ko fiye.

Na taɓa ganin mai shara ta zuba bilic a cikin kwatamin wanke kwalabe da ke da ragowar asid, nan take iskar kilorin mai guba ta taso, ta fito tana tari idanunta na zubar da hawaye. Ba laifinta ba ne, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Sharaɗina shi ne a yi horon a cikin ɗakin, da harshen da ma'aikaci yake ji sosai, a kuma sa shi ya buɗe famfon wanke ido da hannunsa.