Tambaya da Amsa: Me Zan Saya Don Ɗaurin Ƙudan Fatsa Kafin Bazara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Kawu. Ni ɗan Yauri ne, gidanmu gidan su ne, cikin birgi da mamari na tashi. Bara na zo Aberdeen ta Sikotland karatun digiri na biyu. Wani dattijo maƙwabcina ya kai ni Kogin Don ya koya mini irin fatsarsu, wadda ba tana ake sa wa ƙugiya ba, gashin tsuntsu da zare ake ɗaura mata har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya kai cafka. Yanzu an rufe kamun kifin tirawut, ya ce hunturu lokacin zama ne a ɗaura ƙudajen baɗi. Ya ba ni tsohon mariƙin ƙugiyarsa da almakashi. Na shiga shagon kayan, kaina ya juya. Fam 100 na ware. Me zan saya, me zan bari? Sannan ƙanena yana tafe a Janairu, in ce ya tsigo mini gashin zabi daga gida?
Ɗalibi, Aberdeen

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka mayar da fam ɗarin nan aljihu tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Abin da ke cinye kuɗin sabon mai ɗauri shi ne ya shiga shago bai san ƙudan da zai ɗaura ba. Sai ya riƙa tsintar abin da ya ɗauki idonsa, wannan ja, wancan mai walƙiya, ya koma gida da jaka shaƙe amma babu ƙuda ko ɗaya da kayansa suka cika. Ƙudan ake fara zaɓa, sannan shi ya faɗa maka abin da za ka saya.

A dokar Sikotland ana kamun tirawut daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba, amma ƙungiyar da za ta sayar maka da takardar izini tana iya jinkirta buɗe nata ruwan, don haka ka karanta takardarka. A makonnin farko ruwan Don sanyi ƙalau yake, kifi yana ƙasa, ba ya tasowa sai wajen tsakar rana, lokacin da ƙwari biyu suke ƙyanƙyashewa: mai launin ganye-ganye da suke kira Large Dark Olive, da babban mai ruwan ƙasa, March Brown. Waɗannan za ka kwaikwaya, da tsutsotsinsu da ke ƙarƙashin duwatsu. Ƙudajen watan Yuli su jira Yuli.

Da ni ne kai, ƙuda biyar zan rubuta. Na farko Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai kula da Kogin Avon a kudancin Ingila, ya fito da shi a shekarun 1950. Nasa na asali ko zare babu: gashin jelar tsuntsun fezant ne da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke nan. Ka fara da shi, don hannunka zai koyi yawan gashin da ƙugiya ke ɗauka. Na biyu Hare's Ear, daga gashin fuskar zomon daji. Na uku Partridge and Orange, zare ruwan lemo da gashin bayan makwarwar Turai zagaye ɗaya da rabi. Na huɗu Greenwell's Glory, wanda James Wright ya ɗaura wa Canon Greenwell a bakin Kogin Tweed a 1854. Ka yi shi ba fiffike, zare rawaya da aka goga wa kaki har ya koma kore-kore, da gashin wuyan kaza mai baƙin tsakiya da jan baki. Na biyar F-Fly na Marjan Fratnik ɗan Silobeniya, don ranar da kifi ya taso sama. Gashinsa daga gindin jelar agwagwa ake samo shi, kusa da wurin da take lakato man da take shafa wa jikinta, a shago CDC za ka ga an rubuta.

Ka lura da abin da babu a cikin biyar ɗin nan: fatar wuyan zakara mai tsada, wadda na tabbata ita ce ta fi tsaya maka a rai a shagon. Irin waɗannan zakaru ba don nama ake kiwonsu ba. Gonar Whiting da ke Colorado a Amurka, wadda aka kafa a 1989, tana haɗa iri ne don gashi kawai, ya fito dogo, siriri, mai tauri, kuma ana ciyar da zakara kusan shekara kafin gashin ya nuna. Kaya ne mai kyau, ba na kushe shi. A 2011 har matan Amurka suka shiga yayin saƙa shi a kitso, masu gyaran gashi suka kwashe shaguna, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Amma fata ɗaya tana iya lashe rabin kuɗinka ko fiye, alhali hannunka bai kai inda zai more ta ba. Ka bar ta sai hunturun baɗi, kuma ko a lokacin rabin fata za ka saya, ko ku raba ɗaya da dattijon naka.

Inda ba na so ka yi ƙwauro shi ne ƙugiya. Kai ɗan masunta ne, ba sai na gaya maka abin da ƙugiyar banza take yi wa mutum ranar da babban kifi ya kama ba. Lambobinsu a juye suke, 16 ta fi 12 ƙanƙanta. Ka sayi 12 da 14 da 16, ka fi yawaita 14, kuma iri biyu: mai kauri don masu nutsewa, siririya don F-Fly. Na kamfanonin Kamasan da Fulling Mill da Partridge duk ana samunsu a nan, ba su da laifi. Ka ɗauki marasa ƙaya, domin yawancin kifin Don sakinsa za ka yi ya koma, kuma ranar da iska ta maƙala maka ita a kunne za ka gode mini. Zare kuwa mai lamba 8/0, baƙi da ruwan ƙasa, sai rawaya da ruwan lemo na ƙudajen nan biyu. Zai riƙa tsinke maka a makon farko. Ba laifin zaren ba ne, ko dai ka ja da ƙarfi ko ya gogi bakin ƙugiya.

Don nauyi, akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu huda da ake zurawa a kan ƙugiya. Na tagulla sun fi araha, na tangistin sun ninka su nauyi, kuma ruwan Maris mai ƙarfi na tangistin yake so. Milimita 2.5 da 3 sun ishe ka, ƙunshi ɗaya ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kayan nan kashi biyu ne: wanda masana'anta ta ƙera, da wanda ya tsiro a jikin dabba. Ƙugiya, zare, waya, ƙwallaye, duk ka yi odarsu ta intanet idan sun fi araha, don ƙunshi ɗaya bai bambanta da ɗan'uwansa ba. Amma fata da gashi sai hannunka ya taɓa. Makwarwa biyu ba sa zama ɗaya. Ka zaro fatar daga leda (mai shagon kirki ba zai hana ka ba), ka tanƙwara ta ka ga ko akwai ƙananan gashi da yawa wajen wuya, domin su ne na ƙugiya 14 da 16. Ka duba ko harsashi ya farfasa bakin gashin. Ka shinshina, idan da warin maiƙo ba a kankare kitsen da kyau ba. Kada ka yarda da gashin makwarwa na cikin ƙunshi wanda aka riga aka tsige, yawancinsa manya ne da ba su da amfani gare ka. Fata sukutum ta fi tsada a ranar saye, amma za ta kai ka shekaru. Launi kuma, yadda mai sayen shadda a Kantin Kwari yake fitowa da ita bakin ƙofa, haka za ka yi: fitilar shago tana ƙarya. A Aberdeen cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai ka je da hantsi.

Hunturu yana da wata garaɓasa da ba a faɗa wa baƙo. Lokacin harbin fezant a Birtaniya daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, na makwarwa ma ranar yake ƙarewa. Ƙauyukan da ke kewaye da ku cike suke da masu harbi, kuma jelar fezant a wurinsu shara ce. Ka sa dattijon ya tambayar maka, ko ka tambayi mahaucin da ke rataye naman daji. Gashin tsakiyar jelar namiji kake so, mai dogayen zaruruwa ja-ja. Idan kuma kana da halin tafiya, a farkon Fabrairu ana yin babbar kasuwar masu ɗauri ta British Fly Fair a Staffordshire ta Ingila, inda za ka juya fatu da yawa kafin ka zaɓi ɗaya, ka kuma tsaya kan gwanaye kana kallon yatsunsu. Sai dai kuɗin jirgin ƙasa daga inda kake zai iya cinye ribar. Ni don kallon nake ganin ta cancanci zuwa, ba don araha ba.

Batun zabi: a'a, kada ƙanenka ya ɗauko. Gashin zabo kaya ne na gaske a wannan sana'a, ana rina shi shuɗi a sa a maƙogwaron ƙudan Invicta da wasu ƙudajen kifin salmon. Amma ɗanyen gashin tsuntsu da ba a tsabtace shi yadda doka ta tanada ba, ba a yarda a shigo da shi Birtaniya, saboda murar tsuntsaye. Ka tuna a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006. Yaro mai bizar ziyara ba ya bukatar wannan magana da jami'an kwastan a kan abin da ke rataye a shagon garinku, wankakke, da ɗan kuɗi kaɗan. Kuma biyar ɗinka ba mai neman zabo.

Haka nan ka yi hattara da gashin da wani zai ce maka "na da ne, ba a samunsa yanzu". Greenwell na asali da fiffiken baƙin tsuntsun lambu aka yi shi, yau kuwa dokar kare namun daji ta 1981 ta kare shi, da na wani tsuntsu ake musanyawa. Gashin zakaran dajin Indiya, mai ɗigo kamar ido, yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Kwaɗayin irin wannan gashi ne ya kai wani ɗalibin kiɗa ɗan Amurka, Edwin Rist, ya fasa gidan adana tsuntsaye na Tring da ke Ingila a 2009 ya kwashe fatu 299, don ɗaurin ƙudajen ado da ko ruwa ba za su taɓa ba.

Duk abin da ya shigo gidanka daga jikin dabba, musamman na kyauta, ka ƙulle shi a leda ka sa a firiza mako guda, ka fito da shi ya sha iska kwana biyu ko uku, ka sake mayarwa. Zagaye na biyun don ƙwan da sanyin farko bai kashe ba ne. Asu ɗaya ya isa ya tashi akwati. Kowace fata da ledarta, kuma ka ajiye ɗan kofin ruwa kusa don jiƙa yatsa, ka bar lasa, domin ana barbaɗa wa fatun magani.

Idan ka bi wannan, fam ɗarinka za su bar canji. Ka saya wa kanka fitilar tebur mai farin haske da shi. Kada kuma ka sa rai ɗauri zai rage maka kashe kuɗi. Ƙudajen shago da yawa a Kenya ake ɗaura su, da hannayen da suka fi namu sauri nesa ba kusa ba. Ribar ita ce ka iya rage gashi, ka ƙara nauyi, ka daidaita ƙuda da ruwan da ka sani. Ka ɗaura dozin na kowane ɗaya kafin ka wuce na gaba. Ukun farko za su fito da kumburarren kai, ka sa reza ka kankare, ƙugiyar tana nan.

TAMBAYA: Kawu, maigidana ya kamu da wannan ɗauri, ina so in yi masa kyauta. Na ga akwati mai ɗauke da komai da komai a intanet. In saya?
Uwargida, Manchester

AMSA: 'Yata, Allah ya ƙara danƙon zumunci, amma ki bar akwatin. Irinsa ana cika shi ne da gashin da ya yi kwantai da almakashin da ba ya yanka zare. Tunda ya riga ya fara, yana da mariƙi. Ki saya masa almakashi ɗaya mai kyau, mai siririn baki, da mariƙin zare mai bututun tangaran, wanda ba ya cin zare. In kin fi son ya zaɓa da kansa, shagunan suna sayar da katin kyauta. Almakashin kuma ki gaya wa yara ba na yanka takarda ba ne.