Rijiyarmu ta mutu, allon ƙungiya na nan tsaye: shin tallafin waje na rage talauci kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a karkara. Shekara huɗu da suka wuce wata ƙungiyar ƙasashen waje ta haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da sola, ta raba wa mata awaki, aka yi biki har da 'yan jarida. Yau rijiyar ta fi shekara ba ta kawo ruwa, awakin kuma an sayar da yawancinsu, wasu sun mutu. Allon sunansu kaɗai ya rage a bakin hanya. Ga shi wata ƙungiyar ta aiko wa mai gari cewa tana tafe. Don Allah akwai inda irin wannan tallafi ya taɓa fitar da mutane daga talauci, ko cin kuɗi ne kawai da sunanmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai inda ya yi aiki, kuma ba duka ne cin kuɗi ba. Sai dai abin da ya faru da garinku ba baƙon abu ba ne, ya faru da shirin da ya fi naku kuɗi da masana nesa ba kusa ba.

Wajajen 2005 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Kolombiya a Amurka, Jeffrey Sachs, ya jagoranci wani shiri da aka kira Ƙauyukan Ƙarni. Dabararsa ita ce a daina yi wa talauci magani ɗaiɗai, a taru a kansa lokaci guda: taki da ingantaccen iri, gidan sauro, asibiti, makaranta da ciyar da ɗalibai, ruwan sha, hanya. An fara da ƙauyen Sauri a yammacin Kenya, daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙasashe goma na Afirka. A Najeriya akwai Pampaida a Ƙaramar Hukumar Ikara ta Jihar Kaduna, da Ikaram a Jihar Ondo. Attajirin nan George Soros shi kaɗai ya zuba dala miliyan 50 a 2006. An yi alkawarin cewa cikin 'yan shekaru ƙauyukan za su tsaya da ƙafarsu.

Shirin ya kammala a 2015. Da aka fitar da sakamakon bincike a 2018, an ga lafiya ta inganta, mata sun fi haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya, mutane sun fi kwana cikin gidan sauro, noma ma ya motsa. Amma a kan abin da iyali ke samu su ci su sha, wato talaucin kansa, ba a sami hujja mai ƙarfi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yi niyya kawai aka cim ma. A arewacin Ghana, inda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin irin wannan shiri daga 2012 zuwa 2016, an sa masu bincike masu zaman kansu tun daga ranar farko, suna kwatanta ƙauyukan shirin da waɗanda ba a taɓa ba. Hukuncinsu bai yi wa masu shirin daɗi ba: talauci bai ragu ba, yunwa ba ta ragu ba, ga kuɗi an kashe masu yawa.

A ganina ba mugunta ce ta kayar da su ba. Lissafin wa zai ci gaba da biya ne ba a yi ba. Asibiti yana son albashi da magani kowane wata, taki yana son a sake sayensa kowace damina, masarar da aka noma da yawa tana son rumbu da mai saye. Duk ranar da motocin shiri suka juya, waɗannan buƙatu suna nan daram, kuɗin ne ya tafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Rijiyarku ma nan ta faɗi. Na taɓa tsayawa a gaban irinta a wani gari: faifan sola lafiya lau suna ƙyalli, tanki a sama babu tsaga, famfuna shida a jere a bushe, awaki na kwance a inuwar tankin. Da mai gyara ya buɗe akwatin na'urar da ke tura wuta zuwa injin, ita kaɗai ta ƙone. Kuɗin sabuwa bai kai na bikin buɗe rijiyar ba. Na tambayi mai unguwa ina kwamitin ruwa, ya ce an kafa ranar biki, an ɗauki hoto, tun daga nan ba su sake zama ba. Na ce wa ke karɓar kuɗin jarka? Ya dube ni ya ce, "Ai cewa aka yi kyauta ce." Wannan kalma ta kashe rijiyoyi fiye da yadda ɓarayin sola suka kashe.

Maganar awaki ta fi ba ni sha'awa, domin a nan ne aka fi samun darasi. A Bangaladesh akwai ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972. Sun daɗe suna ba da ƙananan rance, sai suka lura matan da suka fi kowa talauci ba sa zuwa karɓa, don sun san ba su da abin biya. A 2002 suka fito da wani tsari dabam. A ba mace saniya ko awaki kyauta, amma a haɗa mata da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni, a koya mata kiwo, a sa ta cikin asusun ajiya, a kula da lafiyar gidan, sannan ma'aikaci ya riƙa leƙa ta a kai a kai har kusan shekara biyu. Kuɗin cefanen nan shi ne sirrin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa a tsakiyar damina, ga akuya ɗaure a turke, ba sai an gaya maka me za ta yi ranar kasuwa ba. Ba almubazzaranci ta yi ba, kuma ni ba na ganin laifin matan garinku.

An gwada wannan tsari a ƙasashe shida, Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka buga sakamakon a 2015. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019. Shekara guda bayan an janye tallafin, iyalan sun ci gaba da fin takwarorinsu abinci, dukiya da ajiya. Honduras ce ta ba da kunya, don kaji aka raba, cuta ta bi ta kansu. A arewacin Ghana kuwa an yi wani gwaji da ya dace da tambayarka sak: wasu gidajen aka ba su awaki zalla, babu horo, babu kuɗin cefane, babu mai leƙawa. Ba su sami canjin da masu cikakken tsarin suka samu ba.

Kusa da mu, gwamnatin Nijar da tallafin Bankin Duniya ta bi wannan sawu. Matan da ke karɓar sefa 10,000 a wata, an ƙara musu ƙungiyar ajiya da rance irin ta adashe, da horon sana'a. Wasu aka ba su jarin sefa 80,000 a dunƙule, wasu aka zauna da mazajensu da dattawan gari aka tattauna a kan sana'ar mata. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna sana'o'in matan sun ƙaru, cin gida ya ƙaru. Abin mamaki, zaman tattaunawar nan mai arha ya biya kuɗinsa fiye da yadda aka zata. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san dalili: jarin matar da mijinta bai gamsu ba, ba ya kwana.

Inda tallafin waje ya fi yin fice shi ne yaƙi da cuta. Manya a cikinmu sun san kurkunu, yadda take kwantar da manomi daidai lokacin shuka. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da 600,000 a Najeriya. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, tare da Janar Yakubu Gowon da ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka, suka bi ta da ƙyallen tace ruwa da wayar da kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Wannan aiki ne mai ƙarshe, idan an gama an gama. Talauci ba haka yake ba. Sin ta fitar da mutane kusan miliyan 800 daga ƙangin talauci cikin shekara 40, kuma da gyaran noma da masana'antu ta yi, ba da allon ƙungiyoyi ba. Ka tuna kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, cikin 'yan watanni, ayyuka da yawa suka tsaya cak.

To, kada ku kori baƙin da ke tafe, kada kuma ku tsaya ga tafi da godiya. Ka roƙi mai gari a yi zama da su kafin a kafa allo, da mata a wurin, ba a bayan katanga ba. Ku tambaye su shekara nawa za su yi, kuma a shekara ta uku wa zai sayi abin da ya lalace. Idan dabbobi za su raba, ku tambayi rigakafi da abincin rani da abin da matar za ta ci kafin akuyar ta haihu. Ku nemi su faɗa muku garin da suka gama aiki shekara uku baya, ku tura mutum biyu a babur su gano da idonsu. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya.

Ita kuwa tsohuwar rijiyar, kafin su iso ku kira mai gyaran sola daga birni ya buɗe akwatin ya faɗa muku abin da ya ƙone da kuɗinsa a rubuce. Idan na'urar ce ko injin, ku yi karo-karo ku gyara, ku sa kuɗi kaɗan a kan kowace jarka, mace ta riƙe asusun, a karanta lissafin a bainar jama'a bayan sallar Juma'ar farko ta kowane wata. Tunda kai malami ne, Malam, ina jin littafin lissafin a hannunka zai ƙare.