An miƙa wa Baba takarda kafin aikin zuciya: ya sa hannu ko ya bari?

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Ingila. Za a yi wa mahaifinta aikin zuciya, sai ma'aikaciyar jinya ta miƙo musu takarda, ana neman izinin ajiye ɗan guntun tsokar zuciyar da za a cire don bincike. Baba ba ya jin Turanci sosai. Kawunta ya bugo waya daga gida ya ce kada a kuskura a sa hannu, ita kuma tana tsoron in sun ƙi a ja musu ƙafa a asibiti, ko abin ya taɓa takardun zamansu.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a. Ki kwantar da hankalinki: takardar amincewa da aikin daban, ta bincike daban. In ya ce a'a, aikinsa na nan yadda aka tsara, kuma ba a duba wannan wajen sabunta biza.

Kawu bai yi wauta ba. Duk wanda ya san Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya san yadda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Su ma mutanen Ingila sun ɗanɗana irin wannan: an gano asibitin yara na Alder Hey a Liverpool da wani asibiti a Bristol sun riƙe zukata da sassan yaran da suka rasu ba da sanin iyaye ba. Wannan ne ya haifar da dokar sassan jikin ɗan Adam ta 2004, aka kuma kafa hukumar sa ido a 2005. Takardar da ke hannunki daga nan ta samo asali.

Amma magana ta Baba ce. Muddin yana cikin hankalinsa, shi kaɗai zai amince, ba ke ba, ba kawu ba. Ki nemi asibiti su kawo tafinta, kyauta ne. Kada ki zama ke ce tafintar, domin 'ya kan tausasa magana don kada ta tayar wa uba da hankali, shi kuma yana da haƙƙin jin komai dalla-dalla.

Tambaya ta farko a gaban likita: wannan guntun dama za a cire shi, ko don binciken za a ƙara yanka? Sau da yawa, wajen haɗa majiyyaci da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, ana gutsure abin da bai wuce kan yatsa ba daga ɗakin zuciya na sama na dama. Irin wannan da zubar da shi za a yi. In ƙarin yanka ne, a faɗi haɗarinsa ƙarara.

Sai ki bi sawun kuɗin. Takardar bayani tana faɗin wanda ya ɗauki nauyin binciken da kwamitin ɗa'a da ya duba shi. Ko jami'a ce, ko ƙungiyar agaji irin British Heart Foundation, ko kamfanin magani? Kuɗin kamfani ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Ki tambaya ko za a kai samfurin wata ƙasa, ko za a karanta ƙwayoyin gadonsa, tunda wannan ya shafe ku 'ya'yansa. Baba ba zai samu ko sisi ba, kyauta ce yake bayarwa. Zai iya janyewa daga baya, sai dai abin da aka riga aka yi amfani da shi ba ya dawowa.

A ganina, in amsoshin sun fito fili kuma zuciyarsa ta natsu, bayarwar alheri ce, don da irin wannan guntu ake gane yadda tsokar zuciya ke gazawa. Ɓangaren addini kuwa, ku kai wa malamin da Baba ya yarda da shi, da cikakken bayanin likita. Sannan Baba da kansa ya kira kawu ya faɗa masa abin da ya yanke.