Yadda za ka sa sabar IBM i ta ba kwamfutar tebur umarni

Tambaya: Malam, a wurin aikinmu muna da sabar IBM i, wadda tsofaffin ma'aikata ke kira AS/400. Kullum da dare tana haɗa rahoto, kuma muna so da ta gama ta sa wata kwamfutar Windows ta kwafe fayil ɗin, ta kunna wani shiri. Na gwada STRPCCMD, umarnin sabar na kunna shiri a kwamfutar tebur, da rana yana yi, da dare kuwa shiru. Ina mafita?

Amsa: Malam, STRPCCMD bai lalace ba, aikin da ka ɗora masa ne ba nasa ba. Wannan umarni ta tagar 5250 yake bi, wato allon nan mai koren rubutu da ma'aikaci ke shiga sabar da shi. Sai an fara da umarnin STRPCO mai share masa hanya, sannan sabar ta cusa umarnin cikin bayanan allo, manhajar da ke kan kwamfutar ta gane shi ta zartar. Aikin dare da aka tura da SBMJOB, umarnin da ke sa aiki ya gudana a bayan fage, ba shi da allo, don haka babu inda saƙon zai bi. Inda yake da amfani shi ne lokacin da mutum ke zaune gaban kwamfutarsa, a buɗe masa takardar Excel ko shafin intanet. Ko a nan ma akwai iyaka: a da haruffa 123 kawai yake ɗauka, sai daga IBM i 7.2 aka kai shi 1023.

Wanda aka yi domin irin buƙatarka shi ne RUNRMTCMD. Za ka ba shi umarnin, da adireshin IP na kwamfutar, da sunan mai amfani da kalmar sirri. Yana bi ta REXEC, tsarin aika umarni ga na'ura ta nesa, a ƙofa (port) ta 512, abin da kwamfutar ta mayar kuma ya zo maka cikin fayil ɗin bugawa a sabar. Amma dole a samu wata manhaja a Windows mai sauraron wannan ƙofa. Tsohuwar manhajar IBM i Access for Windows tana da ita, sai dai IBM ta daina tallafa mata tun 2019. Abin da ya fi damuna shi ne REXEC a fili yake aika kalmar sirri, duk mai leƙen abin da ke gudana a layin zai iya karanta ta. Ban ba ka shawarar gina sabon aiki a kansa ba.

Ni dai SSH zan zaɓa maka, tsarin aika umarni ga na'ura ta nesa da ke ɓoye bayanan da ke bi ta layin. IBM i na da OpenSSH cikin kunshin 5733-SC1, Windows 10 da Windows Server 2019 zuwa sama kuma suna da sabar OpenSSH da ake ƙarawa daga saituna. Ka kunna ta, ka buɗe ƙofa ta 22 ga adireshin sabarku kaɗai. A ɓangaren IBM i ka ƙera makullai biyu, na sirri da na fili, da ssh-keygen ƙarƙashin asusun da ke gudanar da aikin dare, ka kai na fili cikin fayil ɗin authorized_keys na Windows. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: idan asusun Windows ɗin na shugaban na'ura (administrator) ne, fayil ɗin da ake dubawa shi ne administrators_authorized_keys da ke C:\ProgramData\ssh. Gara ka buɗe ƙaramin asusu mai izinin wannan aiki kawai. Ka fara haɗawa sau ɗaya da hannu don ka amince da makullin kwamfutar, in ba haka ba aikin dare zai ci karo da tambayar da babu mai amsa ta. Daga nan shirinka na CL, harshen umarnin IBM i, ya kira ssh ta QSH, mai gudanar da umarni irin na Unix a sabar, ya duba lambar da ta dawo, sifili na nufin an yi nasara.

Shirin da aka kunna ta SSH ba zai bayyana a allon mai kwamfutar ba, a ɓoye yake aiki. Idan naka mai jiran a danna maɓalli ne, zai maƙale, sai ka nemi hanyar gudanar da shi ba tare da taga ba. Kuma ka hana kwamfutar barci da dare, ka ba ta adireshin IP tsayayye.