In Wani Ya Faɗo Maka a Rai

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni, har sau biyu na karanta. Kana tambaya ne a kan ɗabi'ar kakarka, Allah ya jiƙanta: da zarar wani na nesa ya faɗo mata a rai, sai ta ajiye abin da take yi ta yi masa addu'a, sannan ta sa a binciko mata lafiyarsa. Ka ce mahaifiyarka ma ta gado wannan, abokanka kuwa suna ce maka camfi ne. So kake ka ji ko da gaske rayuka na jin juna daga nesa.

Bari in fara da inda aka ja mana layi. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da ruhi, amsa ta sauka a aya ta 85 ta Suratul Isra'i: ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Saboda haka duk wanda ya zauna yana zayyana maka siffar ruhi kamar ya taɓa riƙe shi a hannu, ka saurare shi da kunne ɗaya. Sai dai kaɗan ɗin nan yana da auki. Hadisin Ibn Mas'ud ya ce bayan kwana 40 sau uku a cikin uwa, wato kwana 120, ake aiko mala'ika ya busa rai. Aya ta 42 ta Suratuz Zumar kuma ta ce Allah na karɓar rayuka a lokacin mutuwa da lokacin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, ya saki sauran. Ka ga ba a banza ake kiran barci ƙanin mutuwa ba.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Muslim kuma daga Abu Huraira: rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Abin da muke cewa jini ya haɗu ke nan. Ni na gani da idona. A kan bencin asibiti na haɗu da aminina, kowa na jinyar nasa. Ya matsa mini wuri, ya miƙo mini butarsa in yi alwala, ba mu yi hirar minti goma ba na ji kamar tare muka tashi. Shekara talatin ke nan. Akwai kuma wanda muka yi shekaru muna aiki ɗaki ɗaya, bai taɓa ɓata mini ba, amma gaisuwarmu ba ta taɓa wuce leɓe ba.

Batun ji daga nesa kuwa, Annabi Yaƙubu (AS) ya ce yana jin ƙamshin Yusuf tun ayari na barin Masar, na kusa da shi suka ce tsohon ruɗunsa ne. Yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 94 da ta 95. Amma ka tuna shi annabi ne, ni da kai ba annabawa ba ne.

A nan abokanka suna da 'yar gaskiya, ba zan ɓoye maka ba. Wani dare na farka gabana na dukan uku-uku, mahaifiyarka ce kawai a raina. Ban koma barci ba. Ana sallame asuba na buga mata waya hannuna na rawa, sai ga ta tana shara, har tana yi mini dariya. Irin wannan ya same ni ya fi a ƙirga, duk na manta da su. Sau ɗayan da abin ya zo daidai, shi nake ba da labarinsa har yau. Haka ɗan Adam yake. Wani lokaci kewa ce, wani lokaci waswasi, wani lokaci ma gajiya ce kurum. Don haka kada ka yanke hukunci da faɗuwar gaba, balle ka tayar wa mutane da hankali ko ka zargi wani saboda ranka bai kwanta da shi ba.

To amma ka lura da abin da kakarka take yi. Ban taɓa jin ta ce wani abu ya sami wane ba. Addu'a take yi, ta aika a gaishe shi. Muslim ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, kai ma ka sami irinsa. In mutumin na cikin matsala, addu'a ta riga kowa isa. In lafiyarsa ƙalau, ya ji daɗi an tuna da shi. Ina camfi a nan?

Af, jiya da muka yi magana da mahaifiyarka ta ce mako uku ke nan ba ta ji muryarka ba, kuma tun shekaranjiya kake faɗo mata a rai. Ta riga ta yi addu'ar, saura kiran.

Kawunka