Ƙungiyarmu ta ɗaga hannun ɗan takara, ba wanda ya tambaye mu

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha ɗaya ana cire mini kuɗin ƙungiya duk wata. Kwanakin baya sai ga shugabanninmu a talabijin sun ɗaga hannun wani ɗan takara, wai dukkan mambobi suna bayansa. Ni dai ba a tambaye ni ba, haka ma abokan aikina. Shin ƙungiya tana da hurumin yin haka? Kuma da gaske ne irin waɗannan ƙungiyoyi ke sa mutum ya ci zaɓe, ko kuri ne kawai? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, na gode, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar marasa lafiya. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ta fi daɗe tana cina.

Lokacin da nake ɗauko labarin siyasa, an taɓa gayyatarmu taron manema labarai na wata ƙungiya da ta ce mambobinta sun haura miliyan. Na ƙirga waɗanda suka zo, har da mai riƙe da kyallen da aka rubuta sunan ƙungiyar, ba su cika ashirin ba. Bayan mako biyu na ga uku daga cikinsu a wani otal ɗin, da sabon suna, suna mara wa abokin hamayya baya. Tun daga ranar, duk ƙungiyar da ta ce tana da ƙuri'u a hannu, tambayata ta farko ita ce: ina take kafin a buga gangar siyasa? Irin waɗannan na kakar zaɓe ne, ofishinsu jakar shugaba, kuma 'yan takara sun san da haka. Hoto suke saye, ba ƙuri'a ba.

Taku ba irin wannan ba ce. Ƙungiyar da ke da rajistar mambobi, da rassa, da kuɗin da ke shigowa duk wata, wata aba ce daban, kuma tarihi ya nuna tana iya girgiza kujera. Jam'iyyar Leba ta Birtaniya ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haɗu da 'yan gurguzu suka aza harsashinta a 1900. A Zambiya, Frederick Chiluba shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ne kafin ya kayar da Kenneth Kaunda a 1991, bayan Kaunda ya shafe shekara 27 a kan mulki. A Poland, ƙungiyar Solidarity da ta taso daga ma'aikatan ƙera jiragen ruwa ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa a 1989. Sai dai ki lura, a waɗannan wurare mambobi ne suka gaji, suka ingiza shugabanninsu gaba. Ba shugabanni ne suka shiga ɗaki da ɗan takara suka fito suna ba da umarni ba.

Inda umarni ne kawai daga sama, abin yakan yi tsami. A zaɓen Amurka na 2016, babbar haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta AFL-CIO ta goyi bayan Hillary Clinton, amma kimanin huɗu cikin goma na masu zaɓe daga gidajen 'yan ƙwadago Donald Trump suka jefa wa. A 2024 kuwa ƙungiyar Teamsters, wadda direbobin manyan motoci ke ciki, ta ji ra'ayin mambobinta, ta ga ba inda shugabanni suka saba zuwa suka karkata ba, sai ta ƙi mara wa kowa baya. Shugaba yana iya ɗaga hannun wanda ya ga dama, amma ba ya bin ki cikin rumfar zaɓe.

To me ƙungiya ke kai wa ɗan takara, in ba ƙuri'a a dunƙule ba? Ƙafa da baki. Mutanen da za su bi gida-gida, su tsaya a matsayin wakilai ranar zaɓe, su yi magana da abokan aiki da harshen da ɗan siyasa bai iya ba. Maganar wadda kuke aikin dare tare ta fi tallar rediyo goma shiga kunnenki, ke ma kin sani. Sai kuma tsoro. Ɗan takara ya fi tsoron ƙungiyar da za ta iya kayar da shi a zaɓen fitar da gwani, inda masu zaɓe kaɗan ne, fiye da wadda ke yi masa kirari a babban zaɓe.

Akwai kuma masu kuɗi, waɗanda ba su da mambobin da za su tara a fili: kamfanoni, ƙungiyoyin masu masana'antu, attajirai. A Janairun 2010 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na iya kashe ko nawa ne wajen tallar siyasa, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Wannan sharaɗi na rashin haɗa baki, ni dai dariya yake ba ni, don sau da yawa tsofaffin hadiman ɗan takarar ne ke jan ragamar asusun da ake zuba kuɗin tallar a ciki. Duk da haka kuɗi bai zama layar cin zaɓe ba. Asusun da ke goyon bayan Jeb Bush, wanda ya nemi tikitin takarar shugabancin Amurka, ya tara sama da dala miliyan 100, amma mutumin ya janye a Fabrairun 2016 ba tare da ya ci ko jiha ɗaya a zaɓen fitar da gwani ba.

Kada wannan ya kwantar miki da hankali. Mai kuɗi ba wawa ba ne, ya san ba lalle dokinsa ya zo na ɗaya ba, shi ya sa wasu ke ba kowane ɓangare. Abin da yake saye shi ne a ɗauki wayarsa bayan rantsuwa. Ranar da za a rubuta dokar haraji, ko a raba kwangila, ko a naɗa shugaban hukumar da za ta sa ido a kan sana'arsa, yana cikin ɗakin, ke kina bakin aiki. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, kin san sauran. Lissafin ma a gefensa yake: idan wata doka za ta ba kamfanoni biyar riba mai tsoka, a kuma raba asarar a kan mutum miliyan hamsin kowa ya ɗan taɓa kaɗan, kamfanonin nan ba za su yi barci ba, mu kuwa ko labari ba za mu ji ba. A ganina nan ne ainihin tasirin yake, a watannin da 'yan jarida suka naɗe kayansu.

Ƙasashe sun gwada magunguna iri-iri. Faransa ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyyu da 'yan takara gudummawa tun 1995. A Indiya, Kotun Ƙoli ta soke tsarin takardun gudummawar sirri a Fabrairun 2024, ta ce masu zaɓe na da haƙƙin sanin wanda ke ba jam'iyya kuɗi. Ni na fi karkata ga hujjar Indiya. Hana kuɗi shiga siyasa kamar tare ruwa da kwando ne, amma a san mai bayarwa, wannan ana iyawa.

Yanzu ga batun hurumi. Amsar tana cikin kundin tsarin mulkin ƙungiyarku da dokar ƙasa, kuma sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A Birtaniya, tun 1913 doka ta wajabta wa ƙungiyar ƙwadago ta ware asusun siyasa daban, kuma mamba na da damar cewa kada a sa kuɗinsa a ciki. Ni ba na ganin laifi ƙungiya ta shiga siyasa. Albashinki, da yawan ma'aikatan da ke ɗakin jinya, da kuɗin fansho, duk 'yan siyasa ne ke yanke su, wanda ya ƙi zama wurin rabo kuwa sai abin da aka rage. Laifin shi ne a yi ciniki da sunanki ba da saninki ba. Goyon baya ma ba auren zobe ba ne: a Afirka ta Kudu ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ta NUMSA ta janye wa jam'iyyar ANC goyon bayanta a ƙarshen 2013, duk da tsohuwar amintakar da ke tsakani.

Saboda haka ki je taron reshe, ki tafi da abokan aiki biyu ko uku don kada a mai da ke mai neman fitina. Ki tambayi wane zama ne ya yanke shawarar, kuma ko an taɓa kuɗin mambobi. Sannan ki nemi a nuna muku abin da ɗan takarar ya yi alkawarin yi wa ma'aikatan jinya, a rubuce, da sa hannunsa. Idan akwai takarda, ku ajiye kwafi, za ta yi muku amfani nan da shekara biyu. Idan sakatare ya ce ai magana ce ta fahimtar juna, ki sake rubuto mini, ki gaya mini wa aka ba muƙami bayan zaɓe.