Tanti, komai ya taru mini a kai lokaci ɗaya

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, shekarata 34, mata ɗaya ƴaƴa uku. Wata biyu kenan abubuwa suka rufto mini. Tsohuwata hawan jini ya kada ta ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ni ke sayen magani, mai moto ya ce zai karɓe abinsa don kwana goma ban cika masa kuɗinsa ba, mai gida na bina jika 30 na haya, ga an koma lakwal ko kaye ban saya wa yara ba. Matata ban gaya mata komai ba. Wajen ƙarfe 2 na dare sai in farka gabana na faɗuwa, zufa, kamar an shaƙe ni, sai in fita ƙofar gida in zauna har kiran assalatu. Wani abokin aikina ya miƙo mini tramol wai zai sa in manta. Tanti haukacewa zan yi ne, ko imanina ne ya yi rauni?

Daga wani ƙaninki, Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Wallahi sau biyu na karanta saƙonka, zaman nan naka na ƙofar gida kai kaɗai cikin dare shi ya fi tsaya mini a rai.

Ba hauka ba ne, kuma kar ka ƙara wa kanka kaya da zancen raunin imani. Annabi (SAW) da kansa a shekara ɗaya ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, har ake kiranta shekarar baƙin ciki. Abin da ke tashe ka da dare jikinka ne ya ɗauka akwai haɗari, sai ya saki sinadarin nan na tsoro, zuciya ta ƙara gudu numfashi ya gajarce, irin dai yadda kake ji in mota ta kusa kwashe ka a bakin Kasuwar Dole, bambancin kawai nan babu motar, bashi ne da jinya. Yana da ban tsoro amma yakan lafa da kansa. In ya zo ka zauna, ka ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali kana ƙirga 6, ka yi ta yi kamar minti biyar, in da hali ka yi alwala da ruwan randa.

Tramol kam a'a, na roƙe ka. Yana kama mutum, yana iya sa farfaɗiya, kai kuma bisa moto kake yini da ran mutane a bayanka. Shayi da goro ma ka bar su daga la'asar, suna hana barci suna ƙara bugun zuciyar.

To yanzu babbar maganar. Ka ɗaure abu huɗu a dami guda ka ɗora a kai, shi ya sa kake ganin ba ya ɗaguwa. Kwance shi. Samu takarda da bik ka jera su, kowane ka rubuta a gabansa ranar da zai ci maka tuwo a ƙwarya in ba ka motsa ba. Ni a ganina moton ne farko, don daga gare shi maganin Inna da hayar da kayen duk suke fitowa. Kar ka jira mai moto ya aiko, kai za ka je gidansa bayan magariba, ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka faɗa masa gaskiyar jinyar da abin da za ka iya kai masa kullum ko da kaɗan ne. Mai bin bashi ɓuya ce ta fi ƙona masa rai. Haka mai gidan hayar.

Jinyar Inna kuma kai kaɗai ta haifa? Ka tara ƴan'uwanku, har na nesa a buga musu waya, a raba, wannan magani wannan abinci wannan kwana da ita.

Sai matarka. Na san kunya ce da gudun kar ka ɗaga mata hankali, amma ƙanena macen da kuke ɗaki ɗaya ta san ba ka barci, tana jin ƙarar ƙyauren nan duk dare, kuma Allah kaɗai ya san abin da take saƙawa a ranta, wataƙila ma ta ɗauka aure za ka ƙara. Shekarar da maigidana ya rasa aiki sai da ya yi wata uku yana ɓoye mini, ranar da ya faɗa kuka muka yi mu biyu, washegari na ɗauki adashena na ba shi. Ka gaya mata yau in yara sun kwanta.

Ka kuma biya likitar unguwarku a auna maka tansiyon tunda Inna na da shi, ka gaya musu zancen barcin da faɗuwar gaban, kar ka ce ciwon kai kawai. In ya wuce sati biyu ba ka cin abinci komai ya fita ranka, ko ka fara jin gara ka mutu ka huta, wannan ba a kwana da shi, ka gaya wa wani naka a ranar ku tafi babbar asibiti.

Ka sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da mai moton, kuma ka gaishe mini da Inna da jiki.